Kunkuru ba akuya ba ne

Edita,

A ba mu fili mu ja hankalin masu ajiye kunkuru, damo ko kwaɗo a gidajen Zariya. Ba kowane mai yi wa awaki allura ne ya san jikin waɗannan dabbobi ba. Allurar ivermectin, maganin tsutsa da ake yi wa tumaki, tana shanye jikin kunkuru, har ta kashe shi.

Kafin a miƙa dabba, a tambayi likitan ko yana da rajista da hukumar VCN mai yi wa likitocin dabbobi rajista a Najeriya, kuma ko ya taɓa duba irinta. A fara da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. A je da sabon kashinta a roba mai murfi don gwajin tsutsar ciki. Ƙoƙon kunkuru in ya yi laushi, galibi rashin hasken rana ne da ƙarancin kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi.

Masu karatunku, Samaru, Zariya