Zuwa ga Ƙanena da Ya Tsare Ni da Tambaya Kan Faifan The Free Design

Ƙanena, sallama da fatan kana lafiya.

Ranar da aka gayyace ni shirin rediyo, ka bugo waya ka ce: in har faifan Kites Are Fun yana da kyan da nake faɗa, me ya hana masu sharhin zamaninsa su gani? Ko dai yabon da ake masa yanzu yayi ne kawai? Lokaci ya ƙure kafin in amsa, shi ya sa na ɗauko alƙalami.

Faifan na ƙungiyar The Free Design ne, ya fito a 1967. 'Yan ɗaki ɗaya ne suka yi shi, Chris da Bruce da Sandy Dedrick, daga wani ƙauye a jihar Niyok. Salonsu shi ne wanda daga baya aka laƙaba wa suna sunshine pop: muryoyi a jere kamar an saƙa su, kiɗa mai haske, da ɗan jirwayen nan da ke sa mai sauraro ya ji kamar mafarki yake a farke. Cibiyar salon a Kalifoniya take, wajen su The Association. Kenan tun farko a gefe suke.

Sai kuma gidan da suka shiga. Project 3 ƙaramin kamfani ne mai zaman kansa, na Enoch Light, mutumin da aka sani da fayafayan da dattawa ke gwada sabuwar sitiriyo da su. Sauti kam ya fito tangaram. Amma kamfanin ba shi da ƙarfin kai kaya kowane kanti, kuma matashin da ya ga tambarin ya san kayan babansa ne.

Inda na fi ɗora laifi shi ne kan masu sharhi, 'yan sana'armu. A 1967 ɗin aka kafa mujallar Rolling Stone a San Faransisko, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam. Ma'aunin masu sharhi a lokacin shi ne kaushin murya da kukan jita da fushi. Duk abin da ya zo da zaƙi sai a ɗauka ba shi da zurfi. To wa zai tsaya sauraron masu waƙar sakin filfilo a iska, kamar yadda sunan faifan ya nuna? Alhali in ka kasa kunne, yadda Chris ya jera muryoyin nan aikin wanda ya ƙoshi da jaz da kiɗan gargajiyar Turai ne, kuma ƙarƙashin fara'ar akwai wani kaɗaici da ba ya ɓoyuwa. Ba ma suka aka yi musu ba. Shiru aka yi, wanda ya fi ciwo. Su kansu sun gane, har a 1969 suka yi waƙa suna zolayar kansu kan rashin kasuwa.

Kada ka ce ƙanƙantar kamfani ce kaɗai. Kamfanin Columbia da girmansa ya zuba kuɗi a faifan Begin na ƙungiyar The Millennium a 1968, shi ma ya kwanta.

Waɗanda suka tono su ba masu sharhi ba ne, makaɗa ne. Makaɗi Cornelius a Japan ya sake fitar da waƙoƙin The Free Design a shekarun 1990, makaɗan Stereolab suka sa wa wata waƙarsu suna The Free Design a 1999, sannan kamfanin Light in the Attic ya sake buga fayafayan bayan 2000. Sai ga mu nan mun biyo baya da kirari, kamar da mu aka yi wahalar.

Batun yayi kuwa, kana da rabin gaskiya. Akwai masu yabon duk abin da ya yi wuyar samu, kuma ni ma akwai waƙoƙi biyu a faifan da zaƙinsu ke gundurata, nakan tsallake su. Sauran dai ka saurara da dare, da abin sawa a kunne, ka bi muryar Sandy ita kaɗai. In ka gama ka sake bugowa shirin.

Naka,
Yayanka mai sharhi