A auna abin da ke saura a naman kajin da muke ci

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in faɗi abin da ya tsaya mini a rai.

Shekara shida ke nan ina kiwon kajin gidan gona a bayan gidanmu da ke Hayin Dogo, Samaru. Ɗari biyu nake zubawa, in sun yi sati bakwai in sayar. Da can, tun ranar da 'yan tsaki suka iso nake zuba musu maganin ƙwayoyin cuta a ruwa. Wani likitan dabbobi ne ya ja mini kunne, ya ce maganin yana saura a nama, kuma watarana mai ci zai kwanta asibiti a ba shi irinsa ya ƙi yi masa aiki. Sai na koma ga abin da na sani: garin zogale, tafarnuwa, citta, kurkur, wani lokaci ruwan ganyen darbejiya. Yawancin mata masu kiwo a unguwarmu haka suke yi yanzu, hankalinmu kwance, tunda ganye ne.

Gab da azumin bara wani mai shago ya sayar mini da wani gari a farar leda, ba suna, ba lambar NAFDAC. "Tsantsar ganye ne, Hajiya, zuba kawai." Na zuba, kaji suka yi ɓul-ɓul. Ranar da muka yanka biyu don gida, ina feɗewa na ga hantar ɗaya ta koɗe, ta yi ruwan ƙasa, tana dagargajewa a hannuna. Da aka tafasa, 'yata ta ture kwanon ta ce, "Umma, warin magani yake." A lokacin na riga na sayar wa masu gashi ɗari da hamsin. Daren nan ban runtsa ba, ina tunanin bakin da ya ci.

Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi maganin ƙwayoyin cuta don su yi ƙiba tun 2006, shi ya sa kamfanoni suka karkata ga sinadaran tsirrai, irin su taimol da ake tatsowa daga ganyen tayim ɗin da muke sawa a dafa-duka. Amma masana ba su tsaya ga cewa ganye ne ba. Sukan ɗebi tsokar ƙirji da hanta da ƙoda, su niƙa, su tace, su sa a na'urar da ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya tana faɗin yawan kowanne. Sukan daina ba kaza sinadarin, su riƙa yankawa a ranaku daban-daban don su ga ranar da naman ya wanke. Hanta da ƙoda su ne matatar jiki, nan abin da kaza ta ci yake bi. Mu kuwa hanta ita ce rabon yara.

Ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika, wadda ta fito da kazar Shika Brown. Ga tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello, daga gidana da ƙafa ake zuwa. Roƙona su sayi kaji a kasuwannin Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru su auna, har da garin da ake sayar mana a leda, a ga ko ganye ne kaɗai a ciki. Abin da aka samu a ba cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS ta faɗa mana da Hausa a rediyo: cokali nawa a buhun abinci mai kilo 25, kwana nawa za a dakata kafin yanka.

Wata mai zuwa zan zuba sabbin 'yan tsaki. Duk malamin jami'ar da ke son yin wannan gwaji, na ware masa goma kyauta, da sauran garin nan da na ɓoye.

Wassalam.

Mai kiwon kaji,
Hayin Dogo, Samaru, Zariya