Babana, kafin ka zauna gaban kyaftin ɗin nan

Assalamu alaikum Babana, ya Duwala ya ruwa? Mu nan Garwa zafi ne kawai ba sauƙi, Binuwai duk ya ja baya yashi ake gani. Kowa lafiya lau.

Na ga saƙon da ka turo cewa kamfanin jiragen sama sun kira ka gwajin ɗaukar matuƙa, na karanta wa innarka sau biyu, ta yi kuka ta yi guɗa duk a lokaci ɗaya har maƙwabta suka leƙo suna zaton haihuwa aka yi. Shekaranjiya a waya ban iya faɗa maka komai ba, rezo na yankewa kuma kasan ni baki baya min daɗi in ana kallona, shi yasa na zauna nake danna wannan da yatsa ɗaya tun bayan isha'i. Ka yi haƙuri da tsawonsa.

Ni dai kasan ban taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba. Amma shekara 29 na yi a ofishin meteyo na filin jirgi ina miƙa wa matuƙa takardar yanayi, na ga masu hankali na ga masu rawar kai, wasu ma daga yadda mutum ya karɓi takardar zaka gane ko zai karanta ko aljihu zai cusa ta. Sannan jiya na je na samu tsohon abokina kyaftin ɗin nan da ya ajiye aiki da ya cika 65, wanda ya taɓa ɗora ka a kujerarsa kana ɗan shekara bakwai, muka sha shayi butoci biyu ina tambaya yana bani amsa. Yace kowane kamfani da irin tsarinsa amma ƙofofin kusan ɗaya ne, takardu, jarrabawar kwamfuta, hira, similata wato injin kwaikwayon tuƙin jirgi, sai likita.

Fara da dosiye. Lasisinka, takardar cin darussan ATPL wato babban lasisin matuƙan jiragen fasinja, takardar lafiya mai daraja ta ɗaya, shaidar Turanci, fasfo da ya rage masa fiye da wata shida, katin rigakafin shawara, duk ka yi musu kwafi biyu biyu ka raba jaka. Turancin nan mataki na 4 shine mafi ƙaranci da ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, ta yarda dashi kuma ƙarewa yake sai an sabunta, to duba kwanan watan naka yau ɗin nan ba gobe ba. Faransancinka da Fulatancinka ba wanda zai tambaye ka su a can, don haka daga yanzu har ranar ka daina hira da abokanka da Faransanci ko da zasu ce kana yanga.

Sai littafin awanni. Babana ka ji ni da kyau, awa ɗaya kada ka ƙara. Nasan awanninka ɗari biyu da 'yan kai ne kuma nasan yana maka ciwo in ka ji ana cewa sai 1500 kafin cikakken ATPL, amma su da suka kira ka sun riga sun ga adadin, a haka suka kira ka. Kyaftin ya bani labarin wani yaro da ya cike awa goma da 'yan kai na ƙarya da lambar wani ƙaramin jirgi, ashe a wannan satin jirgin yana garejin gyara an sauke injinsa, waya ɗaya aka buga magana ta ƙare. Kuma duniyar matuƙa ƙarama ce kamar unguwar Yelwa, abin da aka yi a Lome da safe kafin la'asar an ji shi a Addis Ababa. Ka sake tara lissafin kowane shafi da kanka, in ka ga kuskure ka ja layi ɗaya ka gyara ka sa hannu, kar ka goge.

Jarrabawar kwamfuta bana jin tsoronta a kanka, lissafin ka ne da sauri da haɗa abu biyu uku a lokaci ɗaya, kai da kake lissafa kuɗin gyaɗar kakarka tun kana firamare. Barci kawai zaka yi sosai. Tambayoyin sana'a ma ka fi ni sani, irin su in kana ƙafa dubu 30 daga mil nawa zaka fara sauka, ka ninka 30 sau uku kace 90. Amma in suka tambaye ka me zafi yake yi wa jirgi to ka tuna gida, watan Afrilu da rana tsaka awo ya wuce 40, iska ta yi sako-sako, inji baya ja kamar yadda ya saba fiffike ma haka, jirgi sai ya ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, wani lokaci har a rage kaya. Hazon hunturu kuwa ka gani da idonka, ranar da bama hango ƙarshen titin jirgi daga ofis, jirgin Yawunde ya yi ta kewaya ya juya. Abin da baka sani ba kace baka sani ba amma ka san littafin da zaka duba. Kyaftin yace yaron da ya fi ba su tsoro shine wanda yake da amsar komai.

Toh yanzu ga ainihin abin da ya hana ni barci har na ɗauki waya.

Ni na tarbiyyantar da kai kuma nasan abin da na shuka. Na koya maka in babba na magana ka sunkuyar da kai, kada ka haɗa ido dashi, kada ka katse shi, in ya yi kuskure ka yi shiru ko ka kewaya ta bayan gida ka gaya wa wani ya gaya masa. Har yau in ka shigo zaure durƙusawa kake, kuma wallahi ina alfahari da hakan, duk unguwa ana misali da kai. Amma wannan kunyar ita ce zata iya kayar da kai a gwajin nan, kuma in ma ka tsallake da ita to wata rana zata iya kashe mutane. Ban taɓa zaton zan rubuta maka irin wannan ba.

Kana ƙarami lokacin da jirgin Kenya Airways ya faɗi, ran 5 ga Mayu 2007. Boeing 737 ne sabo, ya taso daga Abijan ya yada zango a Duwala zai wuce Nairobi, cikin dare ana ruwa da tsawa, bai yi minti biyu a sama ba ya faɗa cikin fadamar Mbanga Pongo, nan kusa da inda kake zaune yanzu. Mutum 114 ba wanda ya fita. Mu 'yan meteyo mun yi ta zargin hadari ne ya kaɗa shi, sai da rahoton hukumar jiragen sama ta ƙasarmu ya fito a 2010 muka ga ashe jirgin lafiyarsa ƙalau. An zaci na'urar tuƙi da kanta ta kama alhali bata kama ba, jirgi ya yi ta karkata dama sannu sannu ba mai riƙe dashi, waje duhu ba a ganin ƙasa ba a ganin sama, kafin a farga kyaftin ya rikice ya ƙara karkatar dashi. Kyaftin shekara 52, mataimakinsa shekara 23. Ashirin da uku Babana, ƙaninka ne ma. Allah ya jiƙan musulmin ciki, bana ɗora wa mamaci laifi, amma duk sanda na tuna yaron nan a kujerar dama kusa da sa'an ubansa sai in ga fuskarka. Tun haɗarin Tenerife na 1977 da jirage biyu suka yi karo a kan titi cikin hazo mutum 583 suka mutu, kamfanoni suka gane cewa shirun ƙarami gaban babba yana kisa kamar lalacewar inji, shi yasa yanzu suke sa ido sosai a kan wannan a gwajin nasu ko da basu faɗa maka ba.

Zasu zaunar da kai gaban kyaftin mai furfura da wani daga ofishin ɗaukar ma'aikata, wataƙila mace ce. Ka kalli idonsu. Nasan zai maka nauyi kamar dutse amma a wurinsu wanda yake kallon ƙasa ko dai yana ɓoye abu ko tsoro yake ji. Kuma kusan dole su jefo maka irin wannan, kuna gab da sauka jirgi bai daidaita ba gudu ya yi yawa kyaftin yace ba komai zamu sauka a haka, me zaka yi? Kar ka kuskura kace ai shine babba ya fi ni sani, nan take sun rufe dosiyenka. Kar kuma kace zan fizge sitiyari kamar ɗan tasha. Abokina yace hawa hawa ne, ka faɗi abin da ka gani da adadi, gudunmu ya haura da kaza, in bai ji ba ka ɗaga murya kace mu fasa sauka mu sake kewayowa, in har lokacin bai amsa ba kuma ƙasa na matsowa to ka faɗa da baki cewa ka karɓi jirgi, ka karɓa. In kun sauka lafiya sai ka durƙusa ka bashi haƙuri in kana so, wannan kuma tsakaninku.

Haka in suka ce ba mu labarin wani kuskure da ka taɓa yi. Mu Hausawa bama son tona asirin kanmu, sai muce alhamdulillahi ba komai. Ba su labarin ranar nan da ka gaya min ka ɓata hanya kai kaɗai a makaranta ka kira hasumiya kace ka ɓata, ka faɗi abin da ka canza tun daga ranar. Wannan labarin ya fi musu duk takardun yabo. In kuma suka haɗa ku rukuni da sauran masu nema aka baku matsala ku warware, ba mai yawan surutu suke nema ba ba kuma kurma ba, faɗi naka, ka tambayi wanda ya yi shiru nasa ra'ayin, ka riƙa duba agogo.

Similata kuwa wataƙila irin jirgin da baka taɓa shiga ba ne kuma suna sane. Zai iya faɗowa ƙarfe biyun dare don injin baya hutawa. Zasu kashe maka na'urorin taimako su ce ka sauka da allon awo kawai, wataƙila su kashe inji ɗaya. Zaka yi kuskure, kowa na yi, abin da suke kallo shine in an gyara maka sau ɗaya ka ɗauka ko sai an maimaita, kuma bayan kuskuren ka ci gaba da tuƙi ko ka tsaya jimami. In saukar bata yi ba ka fasa, fasawa ba faɗuwa bace. Wanda aka haɗa ku dashi kar ka ɗauke shi kishiya, in yana tuƙi taimake shi da gaske, ana rubuta wannan ma.

Wajen likita ka faɗi karayar hannunka ta faɗuwar babur, tabon yana nan zasu gani. Kada ka sha kowane magani a satin nan sai da sanin likitan matuƙa, ko na mura ne, balle ƙwayoyin nan na bakin titi da suka lalata mana yaran gari, fitsari baya rufa asiri. Innarka ta haɗa maka wani jiƙo a gora wai na farin jini, na ce mata addu'a ta isa, bamu san saiwar me aka jiƙa ba. Tana fushi dani har yanzu, in kun yi waya kace mata ka gode kawai.

Baffanka ya zo min da maganar wani mutum a Yawunde wai in aka bashi miliyan biyu zai sa sunanka a gaba. Na sallame shi da ruwan sanyi. Mun sayar da gonar bakin kogi da shanu tara don karatunka ban yi nadama ba ko sau ɗaya, amma ko dala ba zan ba ɗan damfara ba, kuma kamfanin kirki baya karɓar kuɗin gwaji ta lambar wayar wani. In Allah ya sa ka ci, takardar da zasu baka ta horon irin jirginsu akwai sharaɗin shekarun da zaka yi musu ko ka biya in ka tafi, kar farin ciki ya sa ka sa hannu a tsaye, turo min hotonta ta WhatsApp mu kai wa kyaftin ya karanta.

In kuma bai yiwu ba wannan karon to ba kai ne farau ba, yawanci suna bari a sake nema bayan wani lokaci. Kuma kamfani ba aljanna bane, Tchadia ta fara tashi a 2018 a nan Njamena maƙwabtanmu ana ta murna, 2022 ta rufe. Ga ASKY a Lome, ga Camair-Co a gida, ga ƙananan jiragen da suke kai ma'aikatan agaji, duk inda awa zata ƙaru halal ne. Gidan nan ba wanda zai maka kallon banza, wanda ya yi kuma ni zai gani.

Na tura maka jaka tamanin ta Orange Money ɗazu, ka sayi farar riga biyu da baƙin takalmi mai igiya, kada ka sa wancan mai tsinin baki. Ka yi aski. Ka isa garin kwana ɗaya kafin ranar ka je ka ga ƙofar wurin da idonka. Ƙanwarka tace in ka fara aiki ita ce farkon hawa, na ce ta bi layi bayan innarku. Malam na masallacinmu ya sa ka a addu'a bayan asuba.

Ka kira innarka kafin ka shiga jirgi, ni ko baka kira ni ba ba komai.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka, daga Garwa