Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Noma Na Jamhuriyar Nijar

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin gona ne, na rubuto ne kan wani aiki da ba a cika tunawa da shi ba, wato na masanin da ke binciken cututtukan da ke kashe ƙwari su kansu.

Ranka ya daɗe, a ƙarshen shekarun 1980 aka tsinci matacciyar fara a ƙasarmu, fumfuna ta lulluɓe ta. Daga jikinta aka samo ƙwayar wannan fumfunar mai suna Metarhizium, wadda shirin LUBILOSA na yaƙi da fara ba tare da guba ba, da aka fara a 1989, ya raina, tare da masanan cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, reshen Kotonu, har ta zama maganin fara mai suna Green Muscle. A wajajen Maine-Soroa aka yi manyan gwaje-gwajensa. Da mai ake gauraya shi, shi ya sa bushewar iskarmu ba ta hana shi aiki. Ƙwayar takan manne wa fara, ta huda fatarta, ta cinye ta daga ciki, cikin mako ɗaya zuwa uku ta mutu. Tsuntsu lafiya, dabba lafiya, mai feshi lafiya. A 2020 da irin wannan fumfunar aka yaƙi fara a Somaliya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mu da muka ga farar 2004 da yunwar 2005, har yau guba muke jira daga waje. Kuma fara abincinmu ce. Matan da ke soya ta ba su da hanyar gane wadda aka fesa.

Wannan ilimi ba ya samuwa a damina ɗaya. Sai mutum ya yi shekaru yana bin daji yana tsintar matattun ƙwari, yana kiwon ɗango a keji, yana gadin firjin da yake ajiye ƙwayoyin a ciki kada wuta ta ɗauke wahalarsa ta tafi a banza. Ɗan ƙanena ya karanci fannin da zuciya ɗaya. Da bai sami gurbi ba, yau maganin feshi yake sayarwa a shago.

Ina roƙonka, a buɗe wa irinsu guraben aiki a cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, da Jami'ar Abdou Moumouni, a ba su ɗakin gwaji mai wutar rana, a kuma kafa wurin sarrafa maganin nan a gida kafin farar ta dawo.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Tsohon malamin gona daga jihar Diffa