Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Baba Bishop: Ku Maido Mana Da Kwamitin Da Muka Zaɓa

Baba Bishop, salama a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Allah ya ƙara muku lafiya da hikima.

Kun san abin da ya kawo ni. Takardar da ta rushe kwamitin kuɗin ikkilisiyarmu ta iso, an karanta ta bayan sujada, mutane sun fita daga majami'a shiru kamar an yi rasuwa. Mu muka zaɓi mutanen nan da hannunmu. Ba a tuhume su da cin ko kwabo ba. Laifinsu kawai sun tambayi inda kuɗin ginin ya shiga. Ranar da aka ɗora ku a kan kujera kuwa, da bakinku kuka ce kowace shekara za a buɗe littafin baiko a gaban jama'a. Ina wurin, na ji.

Abin da ya hana ni barci shi ne dalilin da takardar ta bayar: wai tun fil'azal bishop kaɗai ke mulkin Coci, na masu bi shi ne biyayya da baiko. Baba, na koyar da tarihin Ikkilisiya shekaru da dama kafin in yi ritaya, kuma wannan magana ba haka take ba.

A shekarar 445 Fafaroma Leo na Ɗaya ya rubuta wa bishop-bishop na ƙasar da yau ake kira Faransa cewa wanda zai shugabanci kowa, kowa ne ya kamata ya zaɓe shi. Ko a lokacin, tsohuwar al'ada yake tunatar da su. Jama'ar birnin Milan na Italiya ne suka ɗaga murya a 374 suka nemi Ambrose ya zama bishop ɗinsu, alhali gwamna ne, ko baftisma ba a yi masa ba tukuna.

Na san amsar da za a ba ni, kuma akwai gaskiya a cikinta. Za a ce ai da aka bar waɗanda ba limamai ba suka sa hannu, sarakunan Turai ne suka ƙwace naɗin, suna miƙa sanda da zobe, alamun sarautar bishop, ga wanda ya biya su. Haka ne. Rigimar da ta kai Sarki Henry na Huɗu na Jamus tsayuwa cikin ƙanƙara a Kanosa a 1077, yana roƙon gafarar Fafaroma Gregory na Bakwai, ita ce wannan, kuma ba a sasanta ba sai a Worms a 1122. Amma a tambaya, su waye suka fara tashi tsaye a kan sayar da muƙaman Coci? A Milan, tun daga 1057, talakawan gari ne suka bi bayan dikin Ariald da wani jarumi mai suna Erlembald, wanda ba limami ba ne, suka ƙaurace wa sujadar limaman da suka sayi muƙami. An kashe Ariald a 1066, an kashe Erlembald a 1075. Fadar Fafaroma a Rum ba ta kira su 'yan tawaye ba, goyon bayansu ta yi. Gyaran da ya ƙwato wa bishop 'yancinsa daga hannun sarki, da jinin masu bi aka biya wani ɓangare na farashinsa.

Gaskiya ne daga baya an matsar da jama'a gefe. Babban Taron bishop-bishop na Lateran a Rum na 1215 ya bar zaɓen bishop a hannun limaman babbar majami'a. To ko a wannan zamanin, kuɗin ikkilisiya bai koma aljihun mutum ɗaya ba. Nan ne nake roƙon ku tsaya ku duba. A Ingila, tun ƙarni na 13, gyaran wurin bagade yana kan limami, gyaran inda jama'a ke taruwa yana kan jama'a. Saboda haka suka riƙa zaɓen wakilai daga cikinsu, manoma da 'yan kasuwa, su riƙe asusu, su sayi kyandir da igiyar ƙararrawa, su gyara rufi, su tsaya kowace shekara su karanta lissafi a gaban maƙwabtansu. Littattafansu da yawa suna nan har yau. Wanda ya ba da kuɗin shi ke jin lissafin. Abin da kwamitinmu ke yi ke nan, ba ƙari ba ragi.

Ko fafaromomi ba su kuɓuta daga taro ba. Da aka wayi gari mutum uku kowa na cewa shi ne Fafaroma, Taron Konstans ne ya raba gardamar a 1417. Wannan dai maganar wata rana ce.

Baba, ba kujerarku muke nema ba. Babu wanda ya ce zai naɗa fasto ko ya ba da Jibin Ubangiji. Amma ku tuna da 'yan Zumuntar Mata da suka soya ƙosai suka tara kuɗin bulo, da tsofaffin da suka kawo dami daga gona ranar godiyar kaka. Yanzu in sun tare ni a bakin ƙofa suna tambaya, sai in sunkuyar da kai. Wasu sun fara riƙe zakkarsu a gida. Ban goyi bayan haka ba, na faɗa musu, amma ba ni da abin da zan nuna musu.

Akwai batun albashin masu bishara na ƙauye da ke makara, da takardun filin makaranta, amma zan bar su zuwa wani lokaci.

Ku janye takardar. Ku maido da mutanen da muka zaɓa, ku sa ranar da za a karanta lissafin ginin a gaban ikkilisiya kafin sinod, wato babban taron Coci, mai zuwa. In akwai kuskure a wurin kwamitin, a faɗe shi a wannan zama, za mu saurara, mu da kanmu za mu canza su.

Ɗanku cikin Ubangiji,
Tsohon malami, kuma tsohon ma'ajin ikkilisiya