Kafin ka soka filash a bayan risiba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida tamu mai albarka domin in ja hankalin masu dish a gida kan wata asara da ake ta tafkawa ba tare da an gane tushenta ba. Yawancin risibobin da ke kasuwa yanzu, irin su Strong da takwarorinsu masu kama tashoshin kyauta na Nilesat da Arabsat, suna da ramin USB, kuma a rimot ɗinsu akwai jan maɓalli na naɗar shiri. Magidanci zai sayi filash mai araha ya soka, ya saita a naɗa masa tafsirin azumi ko wasan ƙwallo, ya dawo ya tarar hoto yana daskarewa, ko kuma fayil ɗin ya ƙi buɗewa sam. Daga nan sai a ɗora laifi a kan risiba ko a kan yaron da ya haɗa dish ɗin, alhali abin da aka jona ne bai dace da aikin ba.

A fara da lissafin wuri. Risiba ba ta matse hoto, yadda tasha ta turo shi daga tauraron ɗan adam haka take zuba shi. Tasha ta gama-gari tana cin giga 1 zuwa 2 a awa guda, tashar HD kuwa giga 3 zuwa 5. Wanda ke son ainihin adadin tasharsa ya naɗi minti 10, ya duba girman fayil ɗin, ya ninka sau 6. Tafsirin awa biyu a kullum tsawon kwana 30 awa 60 ke nan, wato kusan giga 90 idan tashar na cin giga ɗaya da rabi a awa. Filash mai giga 32 zai cika tun kafin a shiga goman tsakiya. Wasan ƙwallo ɗaya a HD, da hutun rabin lokaci da sharhi, yana iya lashe giga 8 zuwa 10. Had-dis, wato faifan ajiya irin na kwamfuta, mai tera 1 (giga dubu) kuwa, wanda na'ura za ta nuna shi a matsayin giga 931 saboda bambancin ƙidaya, yana ɗaukar kimanin awa 230 na HD.

Matsalar filash ta wuce ƙarancin wuri. An ƙera shi ne don a kwafi fayil a zare, ba don a yi ta rubutu a kansa awa uku babu tsayawa ba. Mai araha yakan ɗan numfasa na daƙiƙa ɗaya ko biyu yana gyara cikinsa, risiba kuma ba ta da wurin da za ta riƙe hoton da ke ta kwararowa a wannan lokacin, sai ta zubar da shi. Wannan shi ne tsalle-tsallen da ake gani a shirin da aka naɗa. Ga shi kuma kowane gurbin ajiya a cikin filash yana da adadin rubutun da zai iya jurewa kafin ya mutu. Abin da ya fi kashe shi da wuri shi ne taimshif, wato tsarin nan da ke ba ka damar tsayar da shirin da ake yi kai tsaye ka je ka yi salla ka dawo ka ci gaba. Wasu risibobin suna kunna shi da kansu da zarar sun ga an jona ma'aji, su yi ta rubutu muddin talabijin na kunne. Giga 4 a awa, awa 8 a yini, giga 32 ke nan: filash ɗin yana cika ana gogewa kullum. Duk mai amfani da filash ya shiga saiti ya kashe taimshif.

Sannan ga jabu, wanda ya yi yawa a kasuwanninmu har abin ya zama abin takaici. Za a rubuta giga 128 ko ma tera 1 a jiki, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali abin da ke ciki bai wuce giga 8 ba. Idan rubutu ya wuce wannan iyaka, sabon shiri yana taka tsohon, sunayen fayiloli suna nan amma cikinsu wayam. Kwafin waƙa biyu a shago ba ya tona asirin irin wannan. Abin da ke tona shi wata ƙaramar manhajar kwamfuta ce ta kyauta mai suna H2testw, wadda ke cika filash ɗin taf sannan ta karanta abin da ta rubuta. Duk shagon gyaran kwamfuta zai iya yi maka wannan gwaji, kuma a ganina bai kamata a biya kuɗin babban filash ba sai ya tsallake shi.

Ga mai naɗa da yawa, had-dis ne mafita, amma a nan ne kuma aka fi yin tuntuɓe, domin ba a la'akari da wuta. Ramin USB 2.0, wanda shi ne a yawancin risibobi, ƙa'idarsa bolt 5 da miliamfiya 500. USB 3.0, mai shuɗin harshe, yana ba da 900. Ƙaramin had-dis mai inci 2.5, irin na laftof, yana iya neman kusan amfiya 1 a daidai lokacin da faifansa zai fara juyawa. Idan bai samu ba, za ka ji yana ƙas-ƙas, fitilarsa na ƙyaftawa, risiba ta ce ba ta ga komai ba, wani lokaci ma ta mutu ta sake tashi. Mutane da yawa sun jefar da lafiyayyen had-dis saboda wannan. Mafi sharri shi ne wanda zai tashi lafiya, sai a tsakiyar naɗi wutar ta gaza ya katse. Maganin yana da sauƙi: kebul mai kai biyu, ɗaya a risiba ɗaya a cajar waya mai amfiya 2, ko kuma mahaɗar USB mai adaftarta. Kebul ɗin ya zama gajere mai kauri, domin dogo siriri yana shanye wutar a hanya. Babban had-dis mai inci 3.5 kuwa dole sai da akwatinsa mai adaftar bolt 12, kuma shi ne ba ya ɗora wa risiba nauyi ko kaɗan. Irin waɗanda aka yi don kyamarar tsaro, kamar WD Purple da Seagate SkyHawk, an gina su ne don rubutu dare da rana, saboda haka sun dace da wannan aiki.

SSD, wato ma'ajin zamani da ke maye gurbin had-dis a kwamfuta, shi ma yana yi, musamman irin na SATA mai giga 256 ko 512 a cikin akwatin USB. Ba shi da faifai mai juyawa, ba ya tsoron girgiza, sai dai ya fi tsada. Kada a ɓata kuɗi wajen neman mai gudun tsiya: tashar HD ba ta rubuta fiye da megabait 2 a daƙiƙa, ramin USB 2.0 kuwa yana ɗaukar kusan 30. Wanda zai sayi had-dis na hannu, ya sa a duba lafiyarsa da manhajar kwamfuta mai suna CrystalDiskInfo, idan ta nuna rawaya ko ja ya bar musu kayansu.

Sai batun fomatin, wato tsarin da ake shirya ma'aji a kai domin ya karɓi fayiloli. Tsarin FAT32 kowace risiba na karanta shi, amma fayil ɗaya ba ya wuce giga 4. Risiba mai kyau tana yanka shirin gida-gida da kanta, wata kuwa tana kaiwa nan sai ta tsaya cak, a rasa ƙarshen wasa. NTFS ba shi da wannan iyaka, kuma risibobi da yawa suna rubutu a kansa. Shi exFAT, wanda manyan filash ke zuwa da shi daga kamfani, tsofaffin risibobi da dama ba su san shi ba. Hanya mafi aminci ita ce a jona ma'ajin, a shiga saitin risibar, a bar ta ta yi masa fomatin da kanta, bayan an kwashe duk abin da ke ciki domin komai zai goge. Kada kuma a wuce tera 2: tsohon tsarin rabon faifai na MBR, wanda yawancinsu suka iya, a nan ya tsaya.

Ɗauke wuta a tsakiyar naɗi yana lalata fayil ɗin da ake rubutawa, wani lokaci har da jadawalin faifan gaba ɗaya. Risiba da had-dis ba sa cin wuta sosai, ƙaramin UPS ko layin inbata zai riƙe su har a tayar da janareta. Kada a ɗora had-dis a kan risiba, domin zafinta yana haɗuwa da na watan Afrilu, ga ƙurar hunturu tana toshe ramukan iska. A ajiye shi a gefe, a kwance, inda yara ba za su ja kebul ba. In za a cire, a tsayar da naɗi, a jira fitilarsa ta daina ƙyaftawa.

Akwai kuma abubuwan da ake zargin ma'aji a kansu ba da hakkinsa ba. Idan hadari ya taso sigina ta faɗi, wannan karyewar hoton ita ma za a naɗe ta. Idan agogon risiba bai kan GMT+1, lokacin Najeriya da Nijar, shirin da aka saita zai fara kafin lokaci ko bayansa. Risiba mai tuna ɗaya, wato na'urar kamo sigina guda ɗaya a cikinta, ba za ta naɗi wata tasha kana kallon wata ba sai in suna kan mita ɗaya. Dikodar tashoshin kuɗi kuwa takan kulle abin da ta naɗa, ba ya buɗewa a wata na'ura, saɓanin fayilolin TS na tashoshin kyauta da manhajar VLC ke kunnawa a kwamfuta ko waya.

Roƙona ga 'yan'uwana masu haɗa dish da masu sayar da risiba: kafin ku karɓi kuɗin aiki, ku jona ma'ajin a gaban maigida, ku naɗi shirin HD na awa ɗaya da rabi domin ya haye giga 4, ku kashe risibar daga soket ku kunna, sannan ku buɗe shirin ku duba farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa.

Wassalam.

Daga mai sana'ar haɗa dish,
Kano.