Zuwa ga 'yata, kan ɗinkin bargo mai auduga

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara, saƙonki ya iso ni. Kin ce kin fara koyon ɗinkin bargo mai auduga a ciki, irin wanda ake zana masa furanni da allurar keke, amma ɗinkin yana fitowa wani dogo wani gajere, har kina tunanin sayen sabon keke. Kada ki saya. Butterfly ɗin da ke ɗakinki ya isa.

Ki fahimci abin da ya canza. A ɗinkin da kika saba, haƙoran da ke ƙarƙashin allura su ke jan yadi, su ke auna tsawon kowane ɗinki. A wannan aikin kuwa sauke su ake yi. Idan kekenki ba shi da abin saukewa, ki mayar da tsawon ɗinki kan 0, ki rufe haƙoran da ɗan kati mai rami. Daga nan aikin haƙoran ya dawo hannunki. In hannu ya riga ƙafa, ɗinki ya yi tsawo. In ƙafa ta riga hannu, zare ya taru wuri ɗaya, warware shi kuma sai an sha wahala. Kamar daka ne tsakanin mata biyu a turmi guda, sai an daidaita sauka da tashi. Wannan daidaito shi ne aikin gaba ɗaya, kuma ba a sayar da shi a kasuwa.

Ki cire ƙafar da ke danne yadi, ki sa mai ɗan zobe wadda ake surfani da ita, amma ki tuna ki sauke ta kafin ki taka, in ba haka ba zaren sama zai saki ya cukuikuye a ƙasa. Allura mai lamba 14, sabuwa. Yadin sama, auduga da yadin ƙasa ki kakkafe su da fil, tazarar tafin hannu. Ki fara daga tsakiya ki nufi baki, don tattara ta samu hanyar fita. Kafin ɗinkin farko ki jawo zaren ƙasa ya fito sama, ki riƙe su biyun. Duk sanda za ki gyara zaman hannu, ki tsaya allura na cikin yadi.

Atamfar da kika saya a Kantin Kwari, don Allah ki ajiye ta tukuna. Ki haɗa ƙyallaye da tsohon zani ki yi ta zagaye a kansu, kullum ko na minti 15. Har a takarda ki riƙa zanawa ba tare da ɗaga biro ba.

Masu ce miki aikin Turawa ne, ki tura su kallon hawan sallah a Kano ko Katsina. Lifidin da ke jikin dawakai yadi ne aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki, da shi mayaƙan dā suke tare kibiya.

Ki aiko min hoton bayan ɗinkin, nan ne zan gane ko zaren sama ne ke buƙatar ɗauri ko kuwa kina sauri ne a kwana. Ki gaishe min da maigidan, ki shafa kan yara. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki